Su Waye Ake Zaɓa Cikin Zauren Masana Kimiyya Na Najeriya, Kuma Ina 'Yan Katsina?

 

Yau ba siyasa za mu yi ba, ko da yake za ku ga ta leƙo a ƙarshe, don ita ba ta barin kowa. Maganar masana kimiyya za mu yi. Zan fara da ɗan gwaji. Ka lissafo 'yan wasan Arsenal ko Madrid guda biyar. Na san ka gama tun kafin in rufe baki. Ki lissafo jaruman Kannywood guda biyar. An gama. To yanzu a lissafo mani masana kimiyya 'yan Najeriya guda biyar, masu rai ko waɗanda suka rasu. Yawwa. Wannan shirun da ya biyo baya shi ne dalilin shirinmu na yau.

Akwai wata cibiya a ƙasar nan mai suna Nigerian Academy of Science, ana ce mata NAS a taƙaice. An kafa ta a 1977. Wasu kafafen labarai kan fassara ta da Kwalejin Kimiyya, sai mutum ya ɗauka makaranta ce mai aji da allo da ɗalibai. Ba makaranta ba ce, ba a neman gurbin karatu a cikinta. Zaure ne na manyan masana: likitoci, injiniyoyi, masana lissafi, masana sinadarai, masana noma, masana ƙasa da ma'adinai. Shi ya sa a wannan shirin zan riƙa kiranta Zauren Masana Kimiyya. Duk shekara zauren kan zaɓi 'yan mutane kaɗan ya shigar da su, a yi bikin karɓarsu, daga nan sai ka ga sun ƙara haruffa uku a ƙarshen sunansu: FAS. Labarin kan fito a jaridun Turanci, a can cikin shafukan tsakiya, mu kuma a nan ya wuce mu kamar ba a yi ba.

Yaya ake shiga? Wannan ne wurin da nake so ku natsu. Ba gwamna ke naɗa mutum ba, ba minista ba, ba kuma fom ake saya ba. Waɗanda ke cikin zauren su ne ke gabatar da sunan wanda suke ganin ya isa. Sai a ɗauko aikinsa a baje shi a faifai: wane bincike ya yi, a ina aka buga, me ya gano da ba a sani ba kafin shi, ɗalibai nawa ya yaye, wane amfani aikin ya yi wa mutane. Masana irin fanninsa su tantance, sannan a kaɗa ƙuri'a. Wato waɗanda suka san wahalar aikin su ne alƙalai. Kamar a ce maƙera ne za su zauna su ce wane ya iya ƙira. Ba ka yi wa maƙeri ƙaryar ƙarfe.

Ku kwatanta wannan da abin da muka saba gani. A ƙasar nan mutum zai kwana Alhaji ya tashi Dakta, don kawai ya ba wata jami'a gudummawa. Wata ƙungiya da ba a san ofishinta ba za ta kama zaure a otal ta raba lambobin yabo, kowa ya biya kuɗin tasa. Har ta kai kalmar girmamawa ta yi arha. To a cikin wannan kasuwa, zauren da sai da aiki ake shigarsa abu ne mai daraja, ya kamata mu san shi.

Kuma ba mu muka fara ba. Ingila na da irin wannan zaure tun 1660, wato Royal Society, inda su Newton da Darwin suka zauna. Amurka ta kafa nata a 1863, lokacin Shugaba Lincoln, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ku riƙe wannan, ana tsakiyar yaƙi, zan dawo kansa. A 1983 Farfesa Abdus Salam na Pakistan, wanda ya ci kyautar Nobel a 1979, ya jagoranci kafa wani zauren a birnin Trieste na Italiya saboda masanan ƙasashe masu tasowa. Afirka ma tana da nata tun 1985, hedikwatarsa na Nairobi. Duk ƙasar da ta ɗauki kanta da muhimmanci tana da wurin da take tara ƙwararrunta, don idan annoba ta taso ko fari ya zo, a san ƙofar wa za a ƙwanƙwasa.

Bari in ba ku misalin irin mutanen da ake magana, kada abin ya zama a iska. Shugaban zauren na farko shi ne Farfesa Victor Oyenuga, masanin noma da abincin dabbobi na Jami'ar Ibadan. A cikin waɗanda suka shugabance shi a farkon shekarunsa akwai namu, marigayi Farfesa Umaru Shehu na Borno, likitan lafiyar al'umma, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shugabanci Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Ya rasu a 2023, Allah Ya jiƙansa. Akwai Farfesa Oyewale Tomori, masanin ƙwayoyin cuta, wanda ya yi shekaru yana cikin yaƙi da shan inna, cutar da aka tabbatar Najeriya ta rabu da nau'inta na asali a watan Agustan 2020. Akwai Farfesa Ekanem Braide, mace ta farko da ta shugabanci zauren, ta karɓa a 2021. Ita tana cikin waɗanda suka yi aikin kawar da kurkunu.

Mu tsaya kan kurkunu kaɗan. Yawancinku ba ku taɓa ganinsa ba. Ku tambayi kakanninku. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta yi kamar shekara a jikin mutum, sannan ta huda ƙafa ta fito, a riƙa naɗe ta a tsinke kwana da kwanaki. Manomi ya kwanta daidai lokacin da gona ke jiransa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Najeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu ita a ƙasar nan. Ba allura aka yi ba, don kurkunu ba shi da rigakafi. Masana ne suka gano yadda tsutsar ke yawo daga ruwa zuwa mutum ta koma ruwa, aka bi ƙauye ƙauye ana ƙirga, ana koya wa mutane tace ruwa, ana hana mai ciwon shiga tafki. Idan wani ya ce maka me masana suka taɓa tsinana mana, ka ce masa ya duba ƙafarsa.

Wanda ke shugabantar zauren tun farkon 2025 shi ne Farfesa Abubakar Sani Sambo, haifaffen Zariya, injiniya, masanin makamashi. Ya yi aiki a cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato, ya shugabanci Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ya kuma riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Mutumin da ke jin yarenmu, daga nan maƙwabtanmu, shi ne ke kan kujerar. Mu nawa muka sani? Da kujerar sanata ce da yanzu an yi masa waƙa.

To sai babbar tambaya: ina 'yan Katsina? Duk wanda ya duba jerin sunayen 'yan zauren zai ga mafi yawansu daga jami'o'in Kudu suka fito. Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasan wannan rubutu: ai wariya ce, ai ba sa son mu. Ni ban yarda wannan ya isa amsa ba. Mu yi lissafi. Jami'ar Ibadan ta fara a 1948. Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962. Mu a jihar Katsina, Al-Qalam ta zo a 2005, jami'ar jiha da yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ta tarayya da ke Dutsin-Ma a 2011. Masanin da zai kai matakin wannan zaure kan kwashe shekara ashirin zuwa talatin yana bincike. Itacen da aka dasa jiya ba a hawansa yau. Saboda haka abin tambaya shi ne, wanda aka dasa ɗin, ana ba shi ruwa? Idan ba a ba shi, ko shekara ɗari za a yi, za mu dawo mu ce wariya ce.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, ilimi ba baƙo ba ne a garin nan. Ga Hasumiyar Gobarau nan a tsaye, muna wuce ta kullum. Garin Wali Ɗan Masani ne, garin Wali Ɗan Marina. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta zama Barewa, a nan ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Akwai kuma wani mutum da ya kamata a ce kowane ɗalibin lissafi a jihar nan ya san sunansa: Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi. Malami ne ɗan wannan ƙasa, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741. A wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci wanda ya yi bayanin yadda ake tsara hatimi na lambobi. A zamaninsa lissafi da ilimin taurari da na asirai a cakuɗe suke, haka yake a ƙasashe da dama a lokacin. Amma ƙa'idar lissafin da ke ciki tsayayya ce, har yau masu tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa.

Ga ɗan misali, ku ɗauko biro. Ka zana gida tara, uku uku. Layin sama ka rubuta 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ka tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Aikin gida kuma: a yi mai gida ashirin da biyar, biyar biyar, da lambobi daga 1 zuwa 25, kowane layi ya ba da 65. Duk wanda ya yi ya ɗauki hoto ya sa mana a ƙasa. Kada a tambayi waya, a yi da ka. Kakanmu bai da kwamfuta ya yi.

Ko a zamaninmu, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa malamin kimiyyar sinadarai ne. A Zariya ya karanta ta har digiri na biyu, ya koyar da ita kafin ya shiga kasuwanci da siyasa. To ta ina aka ce kimiyya ba tamu ba ce?

Yanzu ga wanda zai ce: malam, muna fama da 'yan bindiga, muna fama da tsadar abinci, kai kana mana maganar farfesoshi. Na ji, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wanda aka kora daga ƙauyensa a Batsari ko Jibiya ko Faskari ba FAS ke gabansa ba. Amma ku tuna Amurka ta kafa zaurenta ana tsakiyar yaƙi, saboda yaƙin ne ma ya nuna mata tana buƙatar masana. Mu duba matsalolinmu ɗaya bayan ɗaya. A watan Yulin 2018 ambaliya ta kashe mutane fiye da 40 a Jibiya cikin dare ɗaya. Sanin yadda ruwa ke bi, da inda bai kamata a yi gini ba, da yi wa mutane gargaɗi da wuri, aikin masana ne. A 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shida na farkon shekarar saboda tamowa. Haɗa abinci mai gina jiki daga gero da waken suya da gyaɗar da muke nomawa, a tabbatar da ingancinsa, aikin masana ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a garuruwan da ake niƙa dutsen zinare cikin gidaje. Iyaye na ta binne 'ya'ya ba su san dalili ba, sai da aka gwada jini da ƙasa. Ga hamada na gangarowa ta Daura da Mai'aduwa da Kaita. Ga injinan iska na Lambar Rimi, masu ƙarfin megawat 10, da aka kwashe shekaru fiye da goma ana jan ƙafa a kansu. Ko rikicin manoma da makiyaya da ya rikiɗe ya zama abin da muke gani, a gindinsa akwai maganar ƙasa da ruwa da ciyawa. Bindiga kaɗai ba za ta tsiro da ciyawa ba.

Kuma muna cin amfanin bincike ba mu sani ba. Irin masara da dawa da wake da manomanmu na Funtuwa da Bakori da Malumfashi ke nema saboda saurin nuna da jure fari, da yawa daga cibiyar binciken noma ta Samaru suka fito. Wani ya yi shekaru a gonar gwaji, rana na dukansa, kafin buhun ya iso kasuwa.

To ina aka samu matsala? Hanyar zuwa wancan zaure daga aji ɗaya na sakandare take farawa. Kowannenmu da ya yi makarantar gwamnati ya san labarin. Ɗakin gwaje-gwaje a kulle, ko a buɗe amma babu komai sai ƙura da kwalabe. Yaro ya gama aji shida bai taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta ba, a allo aka zana masa shi. Sai ana saura kwana kaɗan jarrabawar WAEC a aro kaya a nuna masa. Malami ɗaya ya riƙe lissafi da fiziks saboda babu wani. Yarinya mai ƙoƙari a ce mata kimiyya wahala ce, ta koma wani ajin. Wanda ya tsallake ya shiga jami'a, ya zama malami, sai ya tarar da ɗaruruwan ɗalibai a aji guda, ga takardun dubawa, ga rashin wuta. Na'urar da ke buƙatar sanyi dare da rana yaya za ta rayu? Sai ya tura samfurinsa wata jiha ko wata ƙasa da kuɗin albashinsa. Ƙarshe ya gaji, ko ya bar bincike ko ya bar ƙasar. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta daɗe da cewa kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a kan bincike. Najeriya ba ta ko kusa ba.

Shi ma zauren ina da magana da shi. Masana ne, amma da Turanci suke magana, a Legas da Abuja, a rahotannin da talaka ba zai taɓa gani ba. Shawara suke bayarwa, gwamnati ta ga dama ta ɗauka ta ga dama ta ajiye. Abin da zai ba shawararsu ƙarfi shi ne jama'a su san da ita. Idan aka fara jita-jita a kan rigakafi, ko a kan sabon iri, saƙon murya na WhatsApp ya zagaye Arewa kafin la'asar, da Hausa. Amsar masana kuma ta fito bayan wata guda, da Turanci. Wa kuke ganin zai yi nasara? Tunda Allah Ya sa mai jin Hausa ke shugabanci yanzu, roƙonmu ga Farfesa Sambo da abokan aikinsa shi ne a shigo gidajen rediyonmu, a zo jami'o'inmu a yi lacca a buɗe, a fassara muhimman rahotanni.

Mu kuma namu aikin fa? Na farko, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Duk bayan sallah ana taro, a ci abinci, a ɗauki hoto. A bana kowace ƙungiya ta je ta buɗe ɗakin gwajin tsohuwar makarantarta, ta rubuta abin da babu, ta sayi ko da abu biyar ne, ta kuma koma bayan wata uku ta ga ana amfani da su.

Na biyu, masu kuɗinmu. Allah Ya saka masu da alheri kan masallatai da rabon abinci da azumi. Amma ɗaukar nauyin yarinya ko yaro ɗaya har digiri na uku, ko sa wa sashen kimiyya na wata jami'a wutar sola, shi ma sadaka ce mai gudana. Ilimin da ake amfana da shi ai mun san matsayinsa a addini.

Na uku, matasan malaman jami'a da ke saurare na. Akwai zauren matasan masana, Nigerian Young Academy, tun 2010. Ku neme shi. Akwai kuɗin bincike na TETFund, ku rubuta ku nema, in an ƙi ku ku gyara ku sake. Ku guji mujallun nan na biya a buga maka cikin kwana uku, don ranar da za a baje aikinku a faifai ba za su ƙirgu ba. Ku kuma yi bincike a kan abin da ke damunmu a nan, ƙasarmu da ruwanmu da cututtukanmu, don a nan ne ba wanda zai fi ku sani.

Na huɗu, 'yan mata. Sai da Royal Society ta yi shekara 285 kafin ta zaɓi mata na farko a 1945. Namu zauren ya yi shekara 44 kafin mace ta shugabance shi. Mu ba mu da wannan lokacin. A jihar da mata da yawa ke son mace 'yar uwarsu ta duba su a asibiti, hana yarinya karatun kimiyya cutar da kanmu ne. Yayye maza, ku ne za ku tsaya wa ƙannenku a gida.

Na biyar, na ce maku siyasa za ta leƙo. Masu neman ƙuri'a za su zo. Idan ɗan takara ya tara ku, ban da maganar taliya da babur, wani ya miƙe ya tambaye shi: makarantun sakandare nawa ne a mazaɓar nan ke da ɗakin gwaji mai aiki? Malaman lissafi nawa ne? Nawa za ka ware, kuma yaushe za mu zo mu duba? In ya kasa amsawa, kun san wanda ke gabanku.

Wanda za a zaɓa cikin wannan zaure daga Katsina nan da shekara talatin, yanzu haka yana nan. Wataƙila yana aji biyu a Ƙofar Sauri, wataƙila tana tallar awara a Ƙofar Marusa bayan an tashi makaranta. Ko ya kai ko kada ya kai, ya danganta da abin da muka yi a 'yan shekarun nan.

A nan zan tsaya. A ƙasan rubutun nan kowa ya rubuta sunan masanin kimiyya ɗaya daga ƙaramar hukumarsa, mace ko namiji, da fannin da ya karanta, mu tara su mu san namu. Kada kuma a manta da hatimin 65. A tura wa malamin kimiyyar da ya koyar da kai wannan shiri, a haɗa da godiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasa baki ɗaya. Wassalamu alaikum.